WA ZAI BIYA HARAJIN MANHAJA?

Ran 26 ga watan Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokoki huɗu na haraji, aka kuma yanke cewa biyun da suka shafi biya da karɓa za su fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026. Tun daga sa'an nan ba abin da a ke tattaunawa a ofisoshi da kasuwanni sai harajin albashi da na ƙananan 'yan kasuwa. Ba laifi kuwa, gama kowa ya fi jin zafin abin da ya taɓa aljihunsa. Amma akwai wani lungu na haraji wanda ba a cika leƙa shi ba, ga shi kuwa kuɗin da ke bi ta cikinsa ba kaɗan ba ne. Wannan shi ne harajin da ke rataye a wuyan wanda ya sayi lasisin manhajar kwamfuta daga kamfanin ƙasar waje. A yau da wuya a shiga banki, ko asibiti, ko ma'aikata, ko kwaleji, ba a tarar ana biyan irin wannan lasisi ba, ko na rubuta takardu, ko na lissafin albashi, ko na ajiye sakamakon jarrabawa. Mafi yawan masu sa hannu a kan waɗannan yarjejeniyoyi kuwa farashi kaɗai su ke dubawa, sauran shafuffukan sai su bar wa Allah.

Tushen al'amarin duka tambaya ce guda: shin wanda ya biya kuɗin lasisi, me ya saya? Bari mu kwatanta da littafi, tun da shi ne kayan aikinmu. In hedimasta ya aika kanti aka sayo masa littafin lissafi guda arba'in, ya sayi kaya ne, kamar yadda zai sayi alli ko benci. Yara su karanta, su yi ta juya shi har ya yage, ba mai cewa don me. Amma ba shi da ikon ya kai shi maɗaba'a ya buga dubu ya sayar, domin wannan iko yana hannun mawallafi. In kuwa wata maɗaba'a ta je wurin mawallafin ta ce ya ba ta izni ta buga, ta fassara, ta sayar, abin da za ta riƙa biyansa ba kuɗin kaya ba ne, ladan haƙƙin mallaka ne. A wajen masu haraji tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya mai nisa. Ɗan kasuwan waje da ya sayar da kaya, in ba shi da mazauni a ƙasar mai saye, a bisa tsohuwar ƙa'ida ribarsa can gida a ke yi mata haraji. Shi kuwa ladan haƙƙi, ƙasar da kuɗin ya fito tana da rabo a ciki, kuma hanyar karɓar rabon nan ita ce a ɗora wa mai biya nauyin ya cire harajin tun kafin ya aika da kuɗin.

To, manhaja sai ta zo ta tsaya a tsakani kamar jemage, ba ta cikin tsuntsaye ba ta cikin dabbobi. Takardar da ke tare da ita ba ta cewa an sayar maka, cewa ta ke yi an ba ka izni ka yi aiki da ita bisa sharuɗɗa. Sa'an nan kuma ba yadda za a yi ta yi aiki sai an kwafe ta cikin kwamfuta, kwafi kuwa a asali haƙƙin mai abu ne. Da wannan ne masu karɓar haraji a ƙasashe da yawa suka kama, suka ce ai ga lasisi, ga kwafi, saboda haka ladan haƙƙi ne, a cire. Kamfanoni kuma suka ce a'a, sunan takarda ba ya sāke abin da ke cikinta, littafi ne aka sayar, sai dai ba na takarda ba.

Ƙasashen da ke ƙera manhaja sun daɗe da yanke wa kansu hukunci. Ƙungiyar OECD, wadda mafi yawan 'ya'yanta ƙasashe ne masu arziki, ta shigar da bayani a kan manhaja cikin sharhin samfurin yarjejeniyarta ta haraji tun 1992. Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka kuma ta fitar da ƙa'idodinta a 1998. Dukansu hanya ɗaya suka bi, watau suka raba tsakanin wanda ya karɓi haƙƙin mallaka, kamar ikon kwafa don sayarwa ko sāke fasalin manhajar, da wanda ya karɓi kwafi guda don aikin kansa. Na farko ladan haƙƙi ya ke biya, na biyu ciniki ya yi. Wannan rabo yana da hankali a ciki, ba mu musa ba. Amma kada mai karatu ya manta da cewa waɗanda suka tsara shi su ne masu sayarwa, kuma sakamakonsa shi ne harajin ya zauna a gidajensu.

Inda aka fi gwabza wannan shari'a shi ne ƙasar Indiya, kuma ya kamata mu tsaya a kanta, domin abin da ya auku can darasi ne gare mu. Wani kamfani na birnin Bangalor, mai suna Engineering Analysis Centre of Excellence, ya sayo manhaja irin ta kanti daga Amurka, ya biya kuɗin cif bai cire kome ba. Masu haraji suka bi shi a kan shekarun 2001 zuwa 2003, suka ce abin da ya biya ladan haƙƙi ne, tun da kuwa bai cire ba, shi zai biya daga aljihunsa. Ba shi kaɗai ba ne, kamfanoni da yawa sun faɗa cikin wannan rami. Da magana ta kai manyan kotunan jihohi sai kansu ya rabu. Babbar Kotun Karnataka, a shari'ar Samsung ta 2011, ta goyi bayan masu haraji, ita kuwa Babbar Kotun Delhi ta goyi bayan kamfanoni. Sai ya zama ciniki iri ɗaya, a ƙasa ɗaya, a wannan gari da haraji, a wancan babu. Abin dariya ma, tun a 2004 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta riga ta ce manhajar kanti kaya ce, sa'ad da wata jiha ta nemi harajin sayar da kaya a kanta a shari'ar Tata Consultancy Services. Watau in za a karɓi harajin kaya, kaya ce, in kuma za a karɓi na ladan haƙƙi, ba kaya ba ce.

Gwamnatin Indiya ba ta jira alƙalai ba. A dokar kuɗi ta 2012 ta ƙara wani bayani cikin dokar harajin kuɗin shiga, ta ce ba da iznin aiki da manhaja yana cikin abin da a ke biya wa ladan haƙƙi, ta kuma ce wannan bayani a ɗauka yana aiki tun daga 1 ga Yuni, 1976. Sai ran 2 ga Maris, 2021, kimanin shekara ashirin bayan cinikin da ya ta da rigimar, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, Mai Shari'a Nariman ne ya rubuta shi. Kotun ta kasa cinikin manhaja kashi huɗu: wanda mai aiki da ita ya saya kai tsaye daga waje, da wanda dillalin cikin gida ya saro ya sayar, da wanda dillalin waje ya sayar wa na gida, da kuma wadda ta zo a manne cikin na'ura. Ta ce a dukan huɗun ba a miƙa haƙƙin mallaka ba, saboda haka bisa yarjejeniyoyin haraji da Indiya ta ƙulla da ƙasashen masu sayarwa, ba ladan haƙƙi ba ne, ba kuma abin da za a cire. Game da dokar da aka mayar baya kuwa, kotun ta ce ba a tilasta wa mutum abin da ba shi yiwuwa. Yaya za a kama mutum da laifin bai cire haraji a 2002 ba, bisa dokar da ba a rubuta ba sai 2012?

A nan ne fa mu ke so masu karatu su lura ƙwarai, domin mun ga wasu sun ɗauki wannan hukunci kamar ya wanke kowa a ko'ina. Ba haka ba ne. Abin da ya ceci kamfanonin Indiya shi ne yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ke tsakanin ƙasarsu da ƙasashen masu manhaja, da kuma dokarsu da ta ce in yarjejeniya ta fi sauƙi ga mai biya, ita za a bi. Inda babu yarjejeniya, dokar gida ce ke aiki, kome tsananinta. Hukuncin wata ƙasa kuma ba ya ɗaure alƙalin wata, iyakarsa a karanta a ƙaru.

Kenya ta nuna haka a fili. A 2021 Babbar Kotun ƙasar, a shari'ar Seven Seas Technologies, ta bi sawun Indiya ta ce dillalin da ya saro manhaja ya sayar bai biya ladan haƙƙi ba. Majalisa ta zo a ƙarshen 2024 ta gyara dokar, ta ambaci manhaja da sunanta cikin ma'anar ladan haƙƙi, har da kuɗin koyarwa da na kulawa. Abin da alƙali ya warware, majalisa ta sāke ɗaurewa.

Mu dawo gida. A Nijeriya wanda ya sayi lasisi daga waje haraji iri biyu ke gabansa, kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya. Na farko shi ne wanda a ke cirewa kafin biya. Ƙa'idodin da Ministan Kuɗi ya fitar a 2024, waɗanda suka fara aiki sosai ran 1 ga Janairu, 2025, sun sa kashi 10 cikin 100 a kan ladan haƙƙin da a ke biyan kamfani, haka kuma kashi 10 a kan ladan aikin fasaha ko na shawara in mai aikin baƙo ne. Sun kuma ce a kai abin da aka cire baitulmalin Tarayya kafin 21 ga watan da ke biye ya wuce. Wannan haraji a shari'a na mai sayarwa ne, mai saye wakili ne kawai, amma in wakili ya yi sakaci shi a ke kamawa, da tara da kuɗin ruwa a kai. Batun sauƙin yarjejeniya kuwa, da can tun 1999 Gwamnati tana rage wa duk ƙasar da muka ƙulla da ita zuwa kashi 7.5, amma an janye wannan rangwame daga 1 ga Yuli, 2022, aka koma ga abin da ke rubuce cikin kowace yarjejeniya. Ƙasashe irin su Sin da Afirka ta Kudu kashi 7.5 ke rubuce a tasu. Babban abin lura kuwa shi ne ba mu da irin wannan yarjejeniya da Amurka, wadda ita ce gidan manyan kamfanonin manhaja. Garkuwar da ta kāre 'yan Indiya ke nan, mu ba mu riƙe da ita a wannan fage.

Na biyu shi ne harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 ran 1 ga Fabrairu, 2020, sababbin dokokin 2025 kuma suka bar shi a haka. Shi wannan tun asali na mai saye ne. Da can wasu suna tsammani in mai sayarwa yana waje, bai kuma rubuta VAT cikin takardar neman biya ba, to, magana ta ƙare. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kawar da wannan tsammani a 2019, a shari'ar Vodacom Business Nigeria da hukumar haraji ta Tarayya, inda wani kamfanin Holan ya sayar da hanyar sadarwa ta tauraron ɗan Adam. Kotu ta ce tun da a Nijeriya aka ci moriyar aikin, VAT ya hau, kuma mai saye ne zai lissafa ya kai. Daga 1 ga Janairu, 2022, hukumar ta buɗe wa kamfanonin waje masu sayar da ayyuka ta intanet hanyar yin rajista su karɓi VAT da kansu, shi ya sa mutane suka fara ganinsa a takardun wasu manyan kamfanoni. Amma in aka yi ciniki da wanda bai yi rajista ba, ko bai karɓa ba, nauyin yana komawa kan mai saye. Saboda haka ma'aji ya duba takarda da kyau: in an sa VAT kada ya biya sau biyu, in ba a sa ba kada ya ce ya tsira.

Yanzu sai mu zo ga saƙon da ke ɓoye cikin yarjejeniyar kanta. Kusan kowane babban kamfanin manhaja yana da wani sashe, galibi can wajen ƙarshe da ƙananan baƙaƙe, mai cewa farashin bai haɗa da kowane irin haraji ba. Wasu kuma su kan ƙara da cewa in dokar ƙasar mai saye ta tilasta a cire wani abu, to, mai saye zai ƙara kuɗin har abin da zai isa hannun kamfani ya zama daidai da farashin, kamar ba a cire kome ba. Wannan jimla guda ita ke juya harajin baƙo ya zama na ɗan gida. A ce wata kwaleji ta ƙulla lasisi na dala 10,000 a shekara. In babu wannan sharaɗi, za ta cire dala 1,000 ta kai baitulmali, ta aika da 9,000, ta karɓo shaidar biya ta ba kamfanin ya nemi rangwame a ƙasarsa. In kuwa akwai shi, ba ma dala 1,000 za ta ƙara ba, gama ƙarin ma ana cire masa kashi 10. Sai ta ɗauki farashin kamar dala 11,111 ne, ta cire 1,111, sa'an nan 10,000 su isa. In aka lissafa VAT a kan wannan, ga wasu dala 833. Lasisin da aka rubuta wa 10,000 cikin kiyasin kuɗin shekara ya tashi kusan 11,944, watau ƙarin da ya kusa kai kashi ɗaya cikin biyar, ba kuwa wanda ya tanade shi. Ga kamfani mai neman riba abin ya fi haka ciwo, domin dokar kuɗi ta 2019 ta hana a lissafa harajin da aka biya a madadin wani cikin kuɗin da aka kashe sa'ad da a ke fid da riba.

Mun san abin da za a ce, wai ƙaramin mai saye ba shi da bakin yin ciniki da kamfanin da ya fi ƙasarsa kuɗi. Gaskiya ne ga wanda ya sayi lasisi ɗaya ta intanet, ya danna ya yarda, ba wanda zai saurare shi. Amma Gwamnatin Jiha da ke sayen lasisi ga makarantu ɗari, ko jami'a, ko banki, suna da baki in sun so buɗe shi. Abin da ya kamata su nema tun kafin sa hannu shi ne a rubuta a fili cewa za a cire abin da doka ta ce a cire, su kuma su ɗauki alkawarin ba da shaidar biya cikin lokaci. In kamfani ya ƙi, aƙalla a san ainihin farashin kafin a kai kiyasi gaban majalisa, ba sai odita ya zo ba. Ya kamata kuma a rarrabe farashin kowane abu, lasisi daban, girkawa daban, koyar da ma'aikata daban, kulawar shekara daban, a kuma bayyana ko an ba mai saye ikon kwafa don rabawa ko sāke fasali, ko kuwa aiki da ita kaɗai. In aka cuɗe su cikin jimla ɗaya, mai haraji zai zaɓi sunan da ya fi kawo masa kuɗi ya sa wa duka. Wannan ya fi bayyana in ta hannun dillalin cikin gida aka saya, domin ƙa'idodin 2024 sun sa kashi 2 a kan kayan da dillali ya kawo, kashi 5 a kan aikin fasaha na ɗan gida, ladan haƙƙi kuwa kashi 10. Dillali mai cin 'yar riba kaɗan, in aka cire masa 10 maimakon 2, an cinye ribar har an taɓa uwar kuɗi, sai ya yi ta jiran ranar da za a mayar masa.

Akwai kuma hukumar NOTAP, wadda aka kafa da doka ta 70 ta 1979 don rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha, lasisin manhaja yana ciki. Ita ba ta haraji ba ce, amma hanyarsu ɗaya. A shari'ar Stanbic IBTC, wadda ta taso a kan manhajar banki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2018 rashin rajista ba ya ɓata yarjejeniya, sai dai yana hana a aika da kuɗin waje ta hannun bankunan da Babban Banki ya yarje wa.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafin shi ne yanayin cinikin kansa ya sāke. Shari'ar Indiya a kan manhajar da a ke sayowa cikin kwali ta faro. Yau kuwa mafi yawa ba abin da ke sauka cikin kwamfutarka, manhajar tana zaune a rumbun kamfani a wata ƙasa, kai dai kana biyan kuɗin wata ko na shekara kana shiga ta intanet. Wannan ba littafi ba ne da ka saya, ya fi kama da ɗakin karatu da ka biya kuɗin shiga. Saboda haka ne Nijeriya ta fitar da umarni a 2020 cewa kamfanin waje da ya sami fiye da naira miliyan 25 a shekara daga irin waɗannan ayyuka a ƙasar nan ya shiga hannun haraji ko da ba shi da ofis a nan, kwamitin haraji na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ƙara sashe na 12B cikin samfurin yarjejeniyarsa a 2021 don ƙasashen masu saye su sami rabo.

A ganinmu ƙasa irin tamu, wadda ke saye ba ta sayarwa, tana da hujja ta nemi rabonta, ba kuwa za mu ga laifin Kenya ba da ta faɗi abin da ta ke so a fili. Amma Gwamnati ta sani, muddin sharaɗin nan na ƙara kuɗi yana cikin yarjejeniyoyi, abin da ta ɗauka ta karɓa daga baƙo daga aljihun kwaleji da asibiti ya fito, wani lokaci ma daga hannunta na dama zuwa na hagu. Abin da mu ke roƙon sabuwar hukumar haraji ta Tarayya, wadda ta gaji FIRS, shi ne ta fitar da bayani guda, gajere, cikin harshen da akawun makaranta zai gane, wanda zai faɗi matsayin manhajar kanti, da wadda aka ƙera wa mutum musamman, da wadda a ke shiga ta intanet, da wadda dillali ya saro, ta kuma ce daga rana kaza zai fara aiki, ba a waiwayi baya ba. Ma'aikatun ilmi da na lafiya na jihohi kuma su umarci ma'ajinsu kada a sa hannu a kan wani lasisi sai lauyan Gwamnati ya karanta sashen haraji, an kuma rubuta cikakken kuɗin, da VAT da abin da za a cire, cikin kiyasin shekara mai zuwa.